Darasi: Ƴan canjin da ke kwance cikin gida

Jama'a manoma da makiyaya na Fulatari da bakin Komadugu, darasinmu na yau a kan ƴan canji ne, waɗanda mukan dawo da su daga kasuwa mu watsa cikin gwangwani ko ƙarƙashin tabarma.

Kowa ya san wahalar canji a kasuwar Diffa. Mai sayar da tattasai ko nono yakan rasa ciniki don ba shi da dala goma da zai mayar. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne kuɗin ƙarfe da bankin BCEAO ke fitarwa suna kwana cikin gidaje, ba su komawa hannun jama'a. Kuɗin da ke kwance ba ya amfanin mai shi, ba ya amfanin kasuwa.

Bari mu yi lissafi. Dala ɗaya tamma 5 ce, jika ɗaya tamma 1000. In mutum 20 suka haɗu, kowa ya zuba dala goma ranar kasuwa, a sati an sami jika ɗaya. A shekara jika 52 ke nan. Da yayyafi kogi kan cika.

Wannan dabara an gwada ta. A 1991 ƙungiyar CARE ta soma tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maradi, inda mata ke zubi kowane sati cikin akwati, suna ba juna rance. Daga nan ya bazu har ƙasashen waje.

Ga yadda za ku yi:

1. Ku ware kuɗin iri-iri: na tamma 25 daban, na 50 daban, na 100 daban. Naira a ajiye ta gefe, kada a gama ta da sefa.
2. A ƙirga gaban jama'a, magatakarda ya rubuta, a ƙulla kowane iri jika-jika.
3. Fulatari na da nisa da banki, saboda haka kada a yi tafiya don jika ɗaya. A tara, sannan a aiki amintattu biyu zuwa Diffa da katinsu na ɗan ƙasa.
4. A zuba kuɗin cikin ajiya da sunan ƙungiya. Kada a baro banki sai da takardar shaida, kuma a karanta ta gaban taro.

Saura maganar taimako. Tun harin da aka kai Boso da Diffa a Fabrairu 2015, mutane da yawa sun bar gonakinsu. A 2019 kuma Komadugu ta yi ambaliya, ta ci gonaki da gidaje. Har yanzu akwai marayu da gajiyayyu a tsakaninmu. Ku yanke tun farko cewa kashi ɗaya cikin goma na taimako ne. Cikin jika 52, jika 5 da dala 40 ke nan. A sayi hatsi, ko a biya wa maras lafiya magani. Wanda aka bai wa, a rufa masa asiri.

Tambayoyi ga ƙungiyoyin masu sauraro:

Dala nawa ke cikin jika ɗaya? Don me ake aika mutum biyu banki? Su wa suka fi bukatar taimako a garinku?

Ku tattauna, ku aiko mana da amsa. Allah ya ba mu damina mai albarka.