Darasi: Ƙwaro mai dogon ƙaho da itatuwan gona

Tun wajen shekara ta 1985 manoman Magarya da Dungas suka soma barin tsiron itace cikin gonakinsu in suna sassabe. Yau gawo da kuka sun yawaita. Gawo yana ba gona taki, yana ba bisashe abinci da rani. Kuka tana ba gida miya da kuɗi. Wanda ya raini itace, ya kamata ya san abin da ke cin shi. Darasin yau a kan ƙwaro mai dogon ƙaho ne.

Yadda ake gane shi

Jikinshi dogo ne. Bayanshi da tauri kamar na buzuzu. Ƙafafunshi 6. A kanshi akwai ƙahoni 2 sirara masu gaɓa-gaɓa. Sau da yawa tsawonsu ya kai na jikin, ko ya fi. Da su yake jin ƙanshin itacen da zai sauka. Da yawa cikinsu in an kama su sai su yi ƙara, ƙii-ƙii.

Danginshi

Kamar yadda mutane suke da dangi da gidaje, haka masana suka rarraba ƙwari. Wani masani ɗan Faransa, Latreille, shi ya sa ma wannan dangi suna Cerambycidae a 1802. An san wajen iri 35.000 a duniya. Ga manyan gidaje 3 na dangin:

1. Lamiinae. Fuskarsu a miƙe take, bakinsu yana duban ƙasa. Su suka fi yawa: sun fi rabin dangin.

2. Cerambycinae. Sirara ne, bakinsu ya fi duban gaba. Wasu suna zuwa kan fure.

3. Prioninae. Manya ne, baƙaƙe ko masu launin ƙasa. Da dare suke fita, suna zuwa wurin fitila. Wani irinsu a Amurka ta Kudu yana kai santimita 16.

Rayuwarshi

Hawa 4 ne. Ta macen tana saka ƙwai a ɓawon itace. Ƙwai ya ƙyanƙyashe, tsutsa ta fito, fara mai kaurin wuya. Ta shiga cikin itacen tana ci, tana yin rami. Wata ta yi watanni, wata ta yi shekara 2 ko 3. In ta ƙoshi sai ta kwanta ba motsi, ta sake kama. Daga nan ƙwaro ya huda itacen ya fito. Ke nan yawancin ɓarnar tsutsa ke yin ta, a ɓoye. Alamarta ita ce huda a jikin itace, da gari kamar dussa a gindinshi. Gara ita da ƙasa take yin hanyarta. Kada a haɗa su.

Mai yanke reshe

Akwai wani daga gidan Lamiinae, sunanshi Analeptes trifasciata. Baƙi ne da ratsi 3 masu ruwan goro, tsawonshi wajen santimita 4. An san shi a Nijeriya, Benin da Gana, inda yake ɓarnar kashu. Yana kama kuka da rimi. Yakan gaigaye reshe ya kewaye shi, kamar an sa wuƙa. Reshen ya bushe, ta macen ta saka ƙwai a ciki. Reshen da ya karye ya faɗi, gidan ƴaƴanshi ne.

Ba duka ne abokan gaba ba

Yawancin dangin mataccen itace suke ci. Suna ruɓar da shi, ya koma taki. Tsuntsaye kuma suna cin tsutsarsu. Don haka ba a ce a kashe duk wanda aka gani ba. Itacen da aka ji wa rauni, ko wanda fari ko wuta suka raunana, shi suka fi nema.

Abin da manomi zai yi

In zai sare ma bisashe ganyen gawo, ya sa kaifin gatari. Ya yanke reshe sarai, kada ya tsage ɓawo. Kada ya aske itace duka. Kada ya ƙona karan sassabe a gindin itace. In ya ga reshen da aka gaigaye, ya kwashe shi ya kai murhu, a fara ƙona shi kafin sauran itacen wuta. In ya ga ƙwaron a kan reshe, ya kama shi da hannu ta baya, don yana cizo. Feshin magani ba ya kai ga tsutsar da ke can ciki. In ɓarna ta yi yawa, ya sanar da ma'aikatan gandun daji ko malamin gona.

Tambayoyi

1. Hawa nawa ne rayuwar wannan ƙwaro?

2. Mene ne bambancin aikinshi da na gara?

3. Don me ake fara ƙona reshen da aka gaigaye?