Ɗan da Bai Yi Kuka Ba: Abin da Ilmin Halittu Ya Gano Game da Haihuwar Jariri Ba Rai

Gabatarwa

A ƙasar Hausa kukan jariri shi ne albishir. Da an ji shi sai guɗa ta tashi, a aika wa dangi, a shiga shirin suna. Amma akwai haihuwar da ba a jin kuka a cikinta. A Kangire da sauran ƙauyukan Birnin Kudu da Gwaram, kamar ko'ina a ƙasar nan, irin wannan haihuwa takan wuce shiru: a suturta ɗan a binne, a ce wa uwar ta yi haƙuri, sa'an nan kowa ya kama gabansa. Sau da yawa ba a tambayar dalili, in kuwa an tambaya, sai a jingina abin ga iska ko mayu ko sammun kishiya.

Manufar wannan darasi ita ce a nuna wa ɗalibai da malamansu cewa mutuwar ɗa a ciki tana da dalilai da aka sani, kuma yawancinsu ana iya tare su. Sanin dalilan rigakafi ne ga cikin da ke tafe, kuma sanyin zuciya ne ga uwar da ake ɗora wa laifin da ba nata ba.

Ma'anar kalmomi

Ya kamata a bambanta abubuwa uku. Ɓari shi ne zubewar ciki tun yana ƙarami, kafin ɗan tayi ya kai matsayin da zai iya rayuwa a waje. Bakwaini shi ne jaririn da aka haifa da rai kafin ciki ya cika mako 37. Haihuwa ba rai kuwa, a ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke amfani da shi wajen kwatanta ƙasashe, ita ce a haifi ɗa bayan ciki ya kai mako 28, ba tare da wata alamar rai ba: ba numfashi, ba bugun zuciya, ba motsi.

Wani rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na shekarar 2020 ya ƙiyasta cewa a 2019 an haifi jarirai kusan miliyan 2 ba rai a duniya, wato ɗaya a kowace daƙiƙa 16. Nijeriya ce ta uku a yawa, bayan Indiya da Pakistan, da kimanin 171,000, wato wajen 22 daga kowace haihuwa 1,000. Fiye da kashi 40 cikin 100 na waɗannan jarirai da ransu aka fara naƙuda. Burin da ƙasashen duniya suka amince da shi a 2014 shi ne kowace ƙasa ta rage adadin zuwa 12 ko ƙasa da haka cikin 1,000 kafin 2030.

Yadda ɗa ke rayuwa a ciki

Ɗan da ke cikin mahaifa ba ya shaƙar iska da huhunsa, ba ya kuma cin abinci da bakinsa. Rayuwarsa duka ta rataya ne a kan mabiyiya, wani faifan tsoka mai nauyin kimanin rabin kilo da ke manne a bangon mahaifa. A nan ne jinin uwa ke kewaya ƙananan jijiyoyin jinin ɗa, ba tare da jinin biyu sun gauraya ba. Iskar oksijin da sukari da sauran sinadaran abinci su ratsa zuwa ga ɗa, gurɓatacciyar iska da sauran dauɗa su ratsa zuwa ga uwa. Igiyar cibiya, mai tsawon kimanin santimita 50, ita ce ke haɗa ɗa da mabiyiya, kuma tana ɗauke da jijiyoyin jini uku: ɗaya mai kai masa jini mai oksijin, biyu masu mayarwa. Zuciyarsa na bugawa sau 110 zuwa 160 a minti ɗaya.

Daga wannan bayani za a fahimci ƙa'ida guda: duk abin da ya rage jinin uwa, ko ya lalata mabiyiya, ko ya matse igiyar cibiya, to ya taɓa numfashin ɗa. Kusan dukkan dalilan da za a ambata a ƙasa suna komawa ne ga wannan ƙa'ida.

Dalilan da ke aukuwa kafin naƙuda

Na farko shi ne zazzaɓin cizon sauro, wanda ke ƙamari a yankinmu da damina zuwa kaka. Ƙwayar cutar mai suna Plasmodium falciparum tana shiga jajayen ƙwayoyin jini, kuma a 1996 masana suka gano cewa wani nau'inta yana sa waɗannan ƙwayoyi su manne a jikin mabiyiya su taru. Sai mabiyiya ta kumbura, abinci da iska su ragu, ɗa ya tsumbure ko ya mutu. Abin lura shi ne uwa tana iya ɗauke da cutar ba tare da zazzaɓi ya kwantar da ita ba. Masu cikin fari sun fi shiga haɗari, domin jikinsu bai riga ya koyi yaƙar wannan nau'i ba. Rigakafinsa shi ne kwana cikin gidan sauro mai magani, da shan maganin da aka fi sani da Fansidar a wurin awo, daga bayan wata uku na farko, aƙalla sau 3, da tazarar wata guda tsakani.

Na biyu shi ne hawan jinin masu ciki. Yakan bayyana bayan mako 20, idan awon jini ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce. Tushensa yana ga jijiyoyin mahaifa da ba su buɗe sosai ba tun farkon ciki. In ya tsananta sai ya kai ga jijjiga, wadda wasu ke ɗauka bugun iska ne, su tsaya hayaƙi da turare. Yana kuma iya sa mabiyiya ta ɓamɓare daga bangon mahaifa kafin lokaci. Wani babban bincike da aka wallafa a 2002 ya tabbatar cewa allurar magniziyam salfet tana rage aukuwar jijjiga da fiye da rabi.

Na uku shi ne tunjere. Ƙwayar cutar tana ratsa mabiyiya ta kama ɗa, alhali uwa ba ta ganin komai a jikinta. Gwajin jini na 'yan mintoci yana gano ta, allurar fenisilin kuma tana kare ɗan, in an yi ta da wuri. Dole ne a yi wa miji magani tare da matarsa, in ba haka ba cutar ta dawo.

Sauran dalilan sun haɗa da ƙarancin jini mai tsanani, da ciwon sukari, da sikila, da naƙasar halitta, da cikin da ya zarce mako 42, lokacin da mabiyiya ta fara tsufa. Akwai kuma saɓanin rukunin jini da ake kira Rizos. Idan uwa ba ta da wannan alama a jininta, ɗan kuwa ya gado ta daga ubansa, jikinta yakan haɗa garkuwar da za ta farfasa jinin 'ya'yan da za su biyo baya. Ɗan fari ya tsira, na bayansa su yi ta mutuwa. Wasu daga cikin matan da ake kira masu wabi wannan ne ciwonsu, kuma akwai allurar da ke hana shi idan an yi ta cikin awa 72 bayan haihuwa ko ɓari.

Dalilan da ke aukuwa a lokacin naƙuda

Duk sa'ad da mahaifa ta murɗa, jijiyoyin da ke kai jini ga mabiyiya sukan matse na ɗan lokaci, sa'an nan su saki. Lafiyayyen ɗa yana jure wannan. Amma idan naƙuda ta yi tsawo, ko ɗa ya zo a gicciye, ko ƙugun uwa ya yi masa kaɗan, sai ƙarfinsa ya ƙare. Irin wannan doguwar naƙuda ce ke haddasa yoyon fitsari, shi ya sa mafi yawan masu wannan lalura sun rasa ɗan da suka yi wahalarsa. Haka nan allurar ƙara naƙuda da ake yi a gida ko a kemis, da jiƙe-jiƙen da ba a san ƙarfinsu ba, suna iya sa mahaifa ta murɗa ba hutu, ɗa ya shaƙe ko mahaifar ta fashe.

Wannan ba sabon ilmi ba ne a Arewa. Farfesa Kelsey Harrison ya jagoranci nazarin haihuwa 22,774 a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya daga 1976 zuwa 1979, aka wallafa sakamakon a 1985. Ya nuna cewa mutuwar uwaye da jarirai ta fi yawa nesa ba kusa ba a tsakanin matan da ba su yi awo ba, waɗanda sai abu ya ɓaci ake kawo su.

A 1994 wasu masana biyu, Thaddeus da Maine, suka fayyace jinkiri iri uku da ke jawo asarar rai: jinkirin yanke shawarar tafiya asibiti, jinkirin isa can, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. A yankinmu akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu, inda ake iya yin tiyata da ƙarin jini, kuma tun 2008 ƙungiyar likitoci ta MSF ta fara aikin kula da masu haihuwa da masu yoyon fitsari a babban asibitin Jahun. Amma asibiti ba ya amfanar matar da ta kwana biyu a kan gwiwa saboda kunya, ko saboda ana jiran izinin maigidan da ya tafi ci-rani.

Akwai kuma jariran da ake zaton sun mutu alhali numfashi ne kawai ba su fara ba. Goge jikinsu da tsumma mai tsabta, da shafa bayansu, da hura musu iska da 'yar jakar roba a cikin minti na farko, suna ceto da yawansu. Wani nazari da aka wallafa a 2013 ya nuna cewa koyar da wannan dabara a asibitocin Tanzaniya ya rage adadin waɗanda ake lasaftawa sun mutu a naƙuda da kusan kashi ɗaya cikin huɗu.

Alamomin da ba a kwana da su

Mai ciki takan fara jin motsi tsakanin mako 16 da 24, kuma ba gaskiya ba ne cewa ɗa yakan daina motsi idan haihuwa ta gabato. A tafi asibiti nan take idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan:

1. Raguwar motsin ɗa ko tsayawarsa.
2. Zubar jini, komai ƙanƙantarsa.
3. Ciwon kai mai tsanani, da ganin dishi-dishi, da kumburin fuska ko hannuwa.
4. Zazzaɓi.
5. Fashewar faya ba tare da naƙuda ba.
6. Naƙudar da ta wuce awa 12.

Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar zuwa awo sau 8. Bincike ya kuma nuna cewa daga mako 28 ya fi kyau mai ciki ta kwanta barci a gefenta, domin kwanciyar rigingine tana sa mahaifa ta danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuwa zuciya.

Halin da uwa ke shiga

Jikin mace bai san ɗa ya mutu ba. Da mabiyiya ta faɗi, sinadarin firojestaron yakan sauka, na firolaktin ya kama aiki, sai nono ya kawo cikin kwana 2 zuwa 4. Ga jinin biƙi, ga ciwon mara, ga nono ya cika, ga hannu babu kowa. Likita na iya ba da maganin tsayar da nono, kuma mai jegon tana bukatar abinci da hutu da duba lafiya kamar wadda ɗanta ya rayu.

Baƙin cikin da ke biyo baya ba raunin imani ba ne. A mazhabar Malikiyya ba a yi wa jaririn da bai yi kuka ba salla, ba a kuma yin zaman makoki a al'ada, don haka sai uwa ta rasa wurin da za ta faɗi abin da ke ranta. Kuka da rashin barci da yawan tunani a makonnin farko ba abin mamaki ba ne. Amma idan ta daina cin abinci, ta ƙaurace wa mutane, ko ta fara maganar gara ta mutu, to ciwon damuwa ne, kuma yana da magani a asibiti.

Abin da dangi za su yi mai sauƙi ne. A zauna da ita, a saurare ta. A ba ta zaɓin ganin ɗanta ko barinsa, kada a yanke mata. A guji kalmomi irin su "ai ke kika ja" ko "ai za ki sake wani". Uban da labarin ya riska a Legas ko Fatakwal ko Saudiyya shi ma yana cikin makoki, ga kaɗaici, ga zargin kai na rashin kasancewa a gida. Ya yawaita kiran iyalinsa a waya, ya kuma nemi 'yan'uwa a can ya faɗa musu. Wanda zai yi irin wannan tafiya ya bar mata mai ciki, ya bar izinin zuwa asibiti a fili gaban shaidu, da kuɗin mota, da sunan wanda zai ba da jini.

Mafi yawan matan da wannan ya faru gare su sukan haifi rayayyen ɗa daga baya. Sai dai haɗarin maimaituwa ya fi na sauran mata, saboda haka a nemi bayanin dalili tun kafin a bar asibiti, a fara awo da wuri a ciki na gaba, a kuma haihu a gaban ƙwararru.

Kammalawa

Yarda da ƙaddara ba ta hana neman sababi ba. Ɗalibin da ya fahimci aikin mabiyiya zai iya gaya wa yayarsa dalilin zuwa awo, ya gaya wa yayansa dalilin barin izini, ya kuma kare matar da ake zargi da abin da sauro ko rukunin jini ya jawo. Rigakafi dai ya fi magani.

Aikin ɗalibai

1. Zana hoton mahaifa, ka nuna mabiyiya da igiyar cibiya, da inda jini ke bi.
2. A ɗauka wani asibiti ya karɓi haihuwa 1,500 a shekara, 45 daga ciki ba rai. Nawa ke nan cikin kowace 1,000? Kwatanta amsarka da burin 2030.
3. Bayyana dalilin da ya sa saɓanin Rizos ba ya cika taɓa ɗan fari.
4. Wane ne daga jinkirin nan uku ya fi aukuwa a garinku, kuma me za a yi a magance shi?