Yadda ake tayar da ƙafafun tsohuwar Fijo 504

Mai tsohuwar Fijo 504 yakan fara zancen gyara da fenti da kujeru, amma bakaniken da ya san motar ƙarƙashi yake fara leƙawa. A can sunanta ya fito. Tun da Faransawa suka fitar da ita a 1968, aka fara harhaɗa Fijo a kamfanin PAN na Kakuri a Kaduna a 1975, abin da direbobin haya ke yabo shi ne yadda take shanye gargada kamar ba ta taka ba. A 1975 ɗin ma ita ta lashe tseren Safari na Kenya.

Salun da wagon ba su da shasi daban irin na Land Rover. Bodin ne ƙashin bayan motar, ƙafafu kuma a jikinsa suke ɗaure. Don haka ana ɗaga ta ne a kan ƙarafan tokara, a sauke tankin mai tun da walda na tafe, a fidda injin da giya, sannan a sauko da gaba da baya ɗungurungum. Kwana biyu kafin nan ana jiƙa notuna da kananzir ko man birki. Wanda ya ƙi, a gasa shi da wutar gas. Kayan dama a kwano ɗaya, na hagu a wani, yaron gareji ya rubuta da alli.

Sai wanki da kankara. Burushin ƙarfe da garanda su ci laka da tsatsa har ƙarfe ya fito fari. Motocin Arewa suna da sa'a a nan, don ƙura ba ta cin ƙarfe kamar iskar bakin teku, amma a duba kan shokozoba na gaba, da wurin sa jak, da ƙasan batir inda ruwansa ke ɗiga. A auna kusurwa zuwa kusurwa da tef kafin mai walda ya taɓa, a sake aunawa bayan ya gama. Faci kaɗan-kaɗan ake ɗinkawa ana barinsa ya huce, in ba haka ba zafi ya murɗe ƙarfen. Jan fenti na hana tsatsa shi ne farko, baƙi ya biyo baya, amma ban da zaren noti da mazaunin boris. Cikin ƙarafa masu rami, inda burushi ba ya kaiwa, tsofaffin oga baƙin mai da giris suke ɗurawa.

Neman kaya aiki ne mai zaman kansa. A Ƙofar Ruwa a Kano ko Fanteka a Kaduna za ka tarar da dattijon da zai ɗauki ƙarfe ya juya shi sau ɗaya ya ce maka na wagon ne, ba na salun ba. Yana da gaskiya, don wagon sifirin huɗu gare ta a baya saboda lodi, a-kori-kura kuma na falle-falle take amfani da shi. Ƙarfen gwanjo mai kyau ya fi sabo na jabu, amma roba da bututun birki dole sababbi. Sifirin gaba kuwa da abin matse shi ake cirewa ana mayarwa. Masu ɗaure shi da waya suna wasa da haƙoransu ne.

Inda ake raba oga da ɗan koyo shi ne ɗaurin ƙarshe. Bushin roba ce da aka manne tsakanin bututun ƙarfe biyu. Ba juyawa take yi a kan noti ba, murɗewa take yi ta dawo duk lokacin da taya ta hau ta sauka. Idan aka ƙulle notin tamau mota tana sama, ƙafafu suna reto, to da an sauke ta robar ta riga ta murɗe tun ba a je ko'ina ba. Motar za ta tsaya ɗage, ta yi tauri a hanya, bayan 'yan watanni sabuwar robar ta tsage, a ce kayan ne ba su da kyau. Sauri ya haifi nawa.

Abin da ake yi shi ne a tura bushin da ruwan sabulu, don giris yana ruɓar da roba, a ɗaura notuna iya ƙarfin hannu kawai. A mayar da injin da giya da tanki, a sa tayoyi, a sauke ta ƙasa. A tura ta gaba da baya, a danna kowace kusurwa ta yi lilo har ta zauna daram. Sannan a gangara da ita kan rami. Nan za ka ji oga ya ce, “Kai, ku biyu ku shiga ku zauna,” don motar ta ɗauki nauyin da za ta riƙa ɗauka. Shi kuma yana ƙasa da sifana, yana bin notunan dama da hagu bi da bi. A auna tsayin bodi daga ƙasa a ɓangarorin biyu. In sun bambanta, a sassauta a sake.

Saura fidda iska daga birki, da saitin tayoyi, da gwaji a hanyar da ba kwalta. Bayan mako guda a koma kan rami a sake bin kowane noti. Idan za ka ba da taka, ka tambayi bakaniken yaushe yake ƙulle bushin. In ya ce tana kan jak, ka nemi wani garejin.