Darasinmu Na Wannan Wata: Wayar Lantarki Da Dabbobinmu

Manyan wayoyin lantarki sun ratsa gonaki da burtalai a ƙauyukanmu. Makiyaya da manoma sukan tambaya, shin wayoyin nan suna cutar da dabbobi ko ba a taɓa su ba? Wannan shi ne darasinmu na yau.

Duk wayar da wuta ke gudu a cikinta tana da wani ƙarfi kewaye da ita. Ido ba ya ganinsa. Kashi biyu ne: ƙarfin lantarki da ƙarfin maganaɗisu. Idan ka yi nisa da wayar, ƙarfin sai ya ragu.

Ita ma duniya tana da nata maganaɗisun, kuma Allah ya ba wasu halittu ikon jin sa. A shekarar 1972 wasu masana biyu a Jamus, Wolfgang da Roswitha Wiltschko, suka nuna yadda wani ƙaramin tsuntsun Turai ke gane hanya da maganaɗisun duniya. Wannan baiwa tana cikin abin da ke taimakon tsuntsaye masu ƙaura, irin waɗanda ke zuwa fadamar Haɗeja da Nguru daga Turai lokacin hunturu.

A shekarar 2014 masana a Jami'ar Oldenburg ta Jamus suka bayyana cewa tsuntsayen da suke gwaji da su sun rikice, sun kasa gane arewa. Dalili shi ne igiyoyin rediyo da na na'urorin birni. Da aka lulluɓe ɗakunan tsuntsayen da alminiyam, aka haɗa shi da ƙasa, sai suka koma gane hanya.

To, shanu fa? An gwada kiwon shanu a ƙarƙashin manyan wayoyi a Amurka, ba a ga wata babbar illa ga haihuwarsu ko girmansu ba. Haɗarin gaske shi ne wutar da ta zurare. Idan tana shiga kwamin ruwa ko ƙarfen garke, saniya takan ƙi shan ruwa, ta riƙa zabura, nononta ya ragu. Idan kuma waya ta tsinke ta faɗi, wutar takan bazu a ƙasa, musamman da damina. Saniya ta fi mutum shiga haɗari, domin ƙafafunta na gaba da na baya suna da tazara, wuta sai ta ratsa ƙirjinta.

Saboda haka:
1. Kada ka ɗaure dabba a jikin turken lantarki.
2. Idan ka ga waya a ƙasa, ka nisance ta da aƙalla mita 10, ka kora garke baya, ka sanar da mai unguwa da ma'aikatan lantarki.
3. Idan dabba ta faɗi kusa da waya, kada ka je ɗauko ta. Rai ya fi dukiya.

Tambayoyi
1. Da me tsuntsaye masu ƙaura ke gane hanya?
2. Me ya sa saniya ta fi mutum shiga haɗari?

Ku karanta wa maƙwabtanku. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.