Amsoshin Tambayoyinku: Manhajar Tura Saƙo Tana Tsayawa

Wani mai sauraronmu a Fagge, da ke tura wa 'yan kasuwar Sabon Gari saƙonnin tes da manhajar Kannel, ya ce da zarar ta faɗi sai aiki ya tsaya cak.

Malam, daina tayar da ita da hannu. Miƙa ta ga systemd, mai kula da ayyukan bayan fage a Linux. Rubuta wa sassan Kannel ɗin, wato bearerbox da smsbox, fayil na systemd ɗai-ɗai, ka sa Restart=always, sannan ka yi systemctl enable. Ko an ɗauke wuta, kwamfuta na tashi za su kama aiki.

Abin da ya fi damuna shi ne saƙonnin da ke kan layi suna jiran a tura su. Saita store-location a cikin Kannel don su zauna a faifai, in ba haka ba sanarwar isowar kaya ta bi ruwa, ɗan kasuwa na shago yana ta duba waya.