Darasin Lafiya: Kafin Ki Dangwala Yatsa A Takarda

Darasinmu na wannan fitowar a kan gwajin magani ne, da haƙƙinki kafin a saka ki ko ɗanki a ciki.

A shekarar 1996 cutar sanƙarau ta ɓarke a Arewa, ta kashe sama da mutum 11,000. Ana cikin wannan tashin hankali kamfanin Pfizer na Amurka ya zo asibitin IDH na Kano ya gwada sabon maganinsa, Trovan, a kan yara kusan 200. Rabi aka ba su Trovan, rabi wani maganin da aka riga aka sani. Yara 11 suka rasu, wasu suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki. Kamfanin ya ce cutar ce ta yi ɓarnar, kuma ma'aikatan jinya sun yi wa iyaye bayani sun yarda da baki. Iyayen da suka kai ƙara kuwa cewa suka yi ba wanda ya faɗa musu gwaji ne, su dai magani suka zo nema. Sai a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75, kamfanin bai amsa laifi ba.

To uwargida, nan ne gizo ke saƙar. Magani daban, gwaji daban. Uwar da ɗanta ke sanƙarewa a bayanta, komai aka ce mata "to" za ta ce, kuma wannan "to" ɗin ba yarda ba ce. Ƙa'idar binciken lafiya da Nijeriya ta fitar a 2007 ta wajabta a yi miki bayani yadda za ki fahimta: me ake gwadawa, wace illa ake tsoro, akwai wani maganin ko babu. In ba ki karatu, a samo shaida ya saurara tare da ke. Kina iya cewa a'a, kina iya janyewa ko an fara, kuma ba za a hana ɗanki kulawar da ta dace ba.

Gwaji ba abin gudu ba ne, da shi aka samu allurar rigakafin sanƙarau da yaranmu ke amfana da ita. Amma mu mata kunya ta yi mana yawa gaban likita. Ko a Zauro aka same ki a gida, ko asibiti kika je Birnin Kebbi ko Argungu, in an miƙo takarda ki ce: "Likita, wannan magani ne ko gwaji? In na ƙi, me za a ba yarona?"