Asmar da ta ƙi jin magani

Mai asma a Wudil ya san lokutansa: hazon hunturu, ƙurar kara ranar Juma'a, hayaƙin murhu da na maganin sauro. Amma ga mutane da yawa tushen abin yana cikin jini. Garkuwar jiki na ƙera wani sinadari da likitoci ke kira IgE, wanda aikinsa na asali yaƙi da tsutsotsi ne. A jikin mai borin jini kuwa, sai ya ɗauki gashin dabba, kashin kyankyaso da ƙananan halittun ƙurar katifa a matsayin abokan gaba. Da an shaƙe su sai hanyar iska ta kumbura, majina ta taru, ƙirji ya kama fito.

Akwai allurar da ke ɗaure wannan sinadari, omalizumab, wadda Amurka ta amince da ita a 2003. Ana yin ta duk mako 2 ko 4, gwargwadon nauyin mutum da yawan IgE ɗinsa. Tana da tsadar gaske, kuma ba kowace asma take yi wa aiki ba. Kada ma ka ruɗu don gwaji ya nuna IgE ya hau: tsutsar ciki da tsargiya na ɗaga shi, kuma wanda ya tashi yana wanka a kogin Wudil ya san tsargiya. A duba wannan tukuna.

A ganina, yawancin abin da ake kira asma mai taurin kai, ba a yi mata maganin da ya dace ba ne. Shuɗin inhela, wato salbutamol, buɗe hanya kawai yake yi. Mai kwantar da kumburin shi ne na kullum, irin su beclometasone ko budesonide, ko kana jin garau. Ka shaƙa a gaban likita ya ga ko kana yi daidai, sannan ka kurkure baki bayan kowace shaƙa. Ka riƙa shanya katifa a rana, a yayyafa ruwa kafin shara, turaren wuta kuma ya tsaya a waje, ko da uwargida za ta yi fushi.

Ka daina sayen prednisolone a kemis kana sha kai tsaye. Yawan shansa na jawo ciwon suga, hawan jini da raunin ƙashi.

Idan duk da haka tari na tashinka da dare, nemi takardar tura ka Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano wajen likitan ƙirji. In kuwa magana ta gagara saboda sarƙewar numfashi, ko leɓe ya canja launi, a nufi Babban Asibitin Wudil nan take, ana shaƙa shuɗin a hanya.